Ajiyar Mas'uda

Alhamis, 3 ga watan goma, da hantsi

Jiya suka tafi da ƴata Mas'uda.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa, maganar dai ba ta canza ba. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake dannawa a salular nan da ta ba ni. Ita ta nuna mini wurin rubutun, wai in riƙa ajiye ranar allurar jikoki, ni da na tsaya aji huɗu. To ga abin da nake ajiyewa yau.

Bayan azahar ne. Tana zaune tana taya ni ɓarar gyaɗa, farar mota ta tsaya ƙofar gida. Mutum uku. Sun yi sallama, sun gaisa da Malam maigidana, har ɗayansu ya tambaye shi ya amfanin gona. Ba su ɗaga murya ba, ba su taɓa kowa ba, kuma wallahi wannan ya fi ba ni tsoro. Suka ce ta ɗauko ordinatir ɗinta, wato kwamfutar karatunta, ta zo Magariya, ƴan tambayoyi ne. Ta wanke hannu, ta sa hijabi, ta ce Inna kar ki damu. Ɓawon gyaɗa na manne a zanenta, na gani, na kasa ce mata ta kakkaɓe.

Ba zan rubuta ko su wane ne ba.

Alhamis, bayan la'asar

Malam ya je ya dawo. Ba su bar shi ya gan ta ba. Sun dai karɓi kwanon abinci.

Maganar akwatin ce. Tun jiya jikina ya ba ni.

Bayan sallar layya ta kawo shi. Ita sarbar take ce masa, ni akwati nake cewa. Bai fi kwanon sha girma ba, baƙi, da ƴar fitila koriya mai ƙyaftawa, da pus a ciki irin na salula, wayarsa ta hau rufi wurin panon hasken rana. Su uku ne. Ɗaya nan Bande a ɗakina bayan kwalla, shi ya sa mutanen jiya ba su gan shi ba. Ɗaya a kantin Lado ƙanen Malam a Magariya. Ɗaya a Kwaya wurin Yaya Daso, yayata uwa ɗaya uba ɗaya.

Aikin karatunta ne na Damagaram, gwaji ne na farko, in ya yi kyau sai a kai likitocin ƙauye. Bara ruwa ya ci katunan yara a ƴar likitar da muke zuwa, aka rasa wa aka yi wa allura, wa ba a yi wa ba. Shi ne ta bi ƙauyuka da yardar majo, shugaban likitar, tana ɗaukar hoton katuna. Ta ce kowane kati tsaga shi ake a rarraba wa akwatunan uku, in rezon salula ya zo sai su yi hira da juna su daidaita. Akwati ɗaya shi kaɗai ba ya karantuwa, amma kowane biyu aka haɗa, kati zai fito cikakke. Na ce kamar yadda nake raba irin wake ke nan, rabi nan rabi wurin Yaya saboda gobara. Ta yi dariya ta ce Inna ai ke ya kamata a ba diflom ɗin.

Yanzu a kasuwa cewa ake tana bin ƙauyuka tana rubuta sunayen mutane da gidajensu, tana aika wa na daji ta cikin akwati. Yarinyar da ko kaza ake yankawa sai ta bar wurin.

Juma'a, 4, da sassafe

Fitilar na ta ƙyaftawa. Na jefa mata kallabi. Ta cikin kallabin ma ina ganinta.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Lado ya zo a moto, babur ɗin nan nasa, har hular kansa a karkace. Ya ja Malam zaure amma muryarsa har madafa. Ya ce shi tun daren Laraba ya sa guduma ya farfasa nasa, ya zuba a masai, ba ruwansa, yana da iyali. Ya ce duk gidan da aka samu irinsa, da mai gidan za a tafi. Ya leƙo ya ce matar Yaya, in kina son mijinki ki san abin yi.

Da ya tafi Malam ya shigo ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce Saude, ki ƙona shi yau. Ni ba na son in ma taɓa shi.

Na ce to.

Na cire wayar, fitilar ta mutu. Na riƙe shi a hannu, yana da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Shekara guda yarinyar nan tana fama da shi. Na kasa. Na naɗe shi a leda da tsohon zane, na tura cikin randar waken iri can ƙasa, na mayar da wake da toka a kai. Sai na ɗauko tsohuwar rediyon Malam da ta mutu tun bara, na jefa a murhu bayan ɗaki. Warin roba ya cika gida har maƙwabta na tari. Malam ya shaƙa ya ce madalla.

Shekara talatin da ɗaya ban yi masa irin wannan ba.

Asabar, 5, da hantsi

Malam ya ce in kira Yaya Daso in gaya mata ita ma ta raba kanta da nata. Yana tsaye a kaina na kira. An ce yanzu ana jin duk abin da ake faɗa a salula, sai na yi ta kewaye. Na ce Yaya, kayan nan da yarinya ta bar mini, na ƙona jiya. Sai ta ce kin ƙona? Na ce na ƙona. Ta ce to, ita ma nata tuni ta jefa a tsohuwar rijiyar bayan gari. Ko gaisuwar yara ba ta yi ba ta kashe.

Ban zaci haka daga Yaya ba. Matan Kwaya duka wurinta suke kai ajiya, ƴan kunne, zannuwan aure, takardun gona. Amma tsoro ba ya tambayar shekaru, ni ma ga ni.

Nawa kaɗai ya rage ke nan. Kuma ɗaya ba ya karantuwa.

Lahadi, 6, azahar

Kwano ya dawo. Ta ci rabi.

Litinin, 7, bayan la'asar

Wata lamba da ban sani ba ta kira ni. Namiji, murya a sanyaye. Ya ce shi Mushe Haruna ne, malamin Mas'uda a Damagaram, ya ce Inna akwatin da ke gidanku yana nan? Na zauna a kan turmi. Ta ina zan san shi ne? Kowa ma yana iya cewa shi malami ne. Na ce wane akwati, mu nan akwatin tufafi kawai muka sani. Ya ce Inna don Allah, magana ce ta fitowarta. Na ce ka yi kuskuren lamba. Na kashe, na cire batir ɗin ma gaba ɗaya.

Na yi daidai. Ina jin na yi daidai.

Talata, 8, da safe

Ba labari.

Laraba, 9, hantsi

Sati ɗaya.

Na je rijiya, mata suka yi tsit. Nafi da muke zuwa kasuwa tare shekara da shekaru ta sunkuya tana gyaran gammo har na gama ja. Wata daga baya ta ce ai karatun mace in ya yi yawa sai ya nemi inda zai zuba. Ban juya ba. Hoton katin ɗanta na cikin randata, da na ɗan Nafi, da na duk yaran unguwar nan.

Duk motar da ta wuce kan titi sai na tsaya da abin da ke hannuna har ƙarar ta ɓace. Jiya tuwo ya kama sau biyu.

Alhamis, 10, bayan azahar

Kwano ya dawo yadda aka kai shi. Ko murfin ba a buɗe ba. Malam ya ce wataƙila azumi take. Na ce wataƙila.

Juma'a, 11, da safe

Na buɗe randa na tura hannu har gwiwar hannu. Yana nan. Sanyi ƙalau. Na wanke tokar kafin Malam ya shigo.

Asabar, 12, bayan la'asar

Ashe shi ne. Mushe Haruna ɗin gaske ne, yau ya zo da kansa. Siriri, da tabarau, takalminsa duk laka. Malam ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni ina bayan zana da kwaryar fura.

Ya ce ya samu ya gan ta sau ɗaya. Ban ji me ya ce game da jikinta ba, ya rage murya. Ya ce sun buɗe ordinatir ɗinta, sun ga tana magana da wurare uku, sun ga jerin sunayen ƙauyuka, sauran duk rubutu ne a cakuɗe wanda ba mai iya karantawa. Ita ta yi shi haka da gangan, don sirrin yaran mutane ne, kar wani ya saci akwati ya karanta. Yanzu wannan cakuɗewar ce ta zame mata laifi. Majo ya rubuta takardar shaida, sun ce takarda daban, abin da ke ciki daban, su ido suke so ya gani. Ya ce tun kwana na uku ta gaya musu a kawo akwati biyu kawai, ko waɗanne, ta buɗe a gabansu.

Malam ya gyara zama ya ce ai Mushe mun yi maganin abin. Na Lado yana masai, na Kwaya yana rijiya, namu mun ƙona. Har da ɗan alfahari ya faɗa, Allah sarki.

Mushe ya cire tabarau ya riƙe kansa. Sai ya ce, "Duka ukun? A kwana uku?"

Malam ya ce to ba haka ya kamata ba?

Ina bayan zana. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Amma me zan ce? In ce nawa yana nan, sai me, ɗaya ne. Ba zai fito da ita ba, sai dai ya ƙara tafiya da Malam, kuma Malam ya san na yi masa ƙarya. Na kai fura. Mushe ya dube ni ya ce Inna ke ce na kira ran Litinin ko? Na ce ban gane ba.

Bai sha furar ba.

Lahadi, 13, hantsi

Malam bai je gona ba. Ana ta yankan gero, shi yana zaune ƙarƙashin itacen bedi yana kallon ƙafafunsa. Ya ce da ni, da bakina na sa aka ƙona abin da zai fito da ita. Na ce ƙaddara ce. Na shige ɗaki.

Lahadi, bayan azahar

Na kira Yaya ni kaɗai a bayan ɗaki. Na ce Yaya, kayan nan, da gaske rijiya? Ta ce sau nawa zan gaya miki. Na ce ana nemansu ne. Ta ce wa ke nema? Na kasa faɗa a salula. Ta ce ki gai da Rabilu. Yadda ta faɗi sunan Malam kamar ta tofar da ɗaci.

Litinin, 14

Ban dafa komai ba sai nata.

Talata, 15, da safe

Na yi mafarkin ta dawo ƴar shekara shida tana neman allonta na makarantar lakwal, ni na san inda yake na ƙi faɗa. Ba sai an fassara mini ba.

Laraba, 16, la'asar

Sati biyu. Kwano rabi. An manta cokali a can, ko ita ta riƙe, ban sani ba. Na yi ta tunanin cokalin nan kamar wata mahaukaciya.

Mota ta tsaya kusa da gida ɗazu. Mai sayen gyaɗa ne. Kafin in gane na riga na zauna a kan randar.

Juma'a, 18, hantsi

Ba labari. Ba labari.

Asabar, 19, bayan azahar

Mushe ya kira Malam. Ran Alhamis za a wuce da ita gaba. Bai faɗi ina ba, ko ya faɗa Malam ya ɓoye mini. Ya ce in ta bar Magariya magana ta fita hannun waɗanda muke iya gani, sai watanni, ko abin da ya fi.

Can ba mai kai mata kwano.

Kwana biyar.

Lahadi, 20, bayan sallar asuba

Na gaya masa.

Ya idar da salla yana jan carbi, na ɗauko randar na juye ta a gabansa, wake da toka har kan buzunsa. Na kwance zanen. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya sake duban akwatin. Na durƙusa ina jiran duk abin da zai zo.

Sai ya ce, "To me kika ƙona ran nan?"

Na ce rediyonka.

Ya ce, "Sati biyu ina nemanta."

Daga nan sai ya sa hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa, ban san dariya ce ko ɗayan ba, ban kuma tsaya dubawa ba.

Na ce masa ɗaya ba ya isa, na sani. Amma na Kwaya a rijiya yake, ba a wuta ba, ba a masai ba. A ciro shi. Ko ya sha ruwa wataƙila Mas'uda ta san dabara. Ya ce abin kuran, mai aiki da wutar lantarki, da ya kwana goma sha biyar a ruwa? Na ce to ka kawo wata shawarar. Ya tashi ya tafi neman Amadu mai haƙar rijiya.

Litinin, 21, bayan la'asar, a Kwaya

Bari in yi a hankali.

Da amalanken jaki muka zo, ni da Malam da Amadu da igiyoyinsa, akwatin na cikin buhun gyaɗa a kan cinyata. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai in ga kamar buhun yake kallo.

Yaya na zaune tana tsince yakuwa. Ta amsa gaisuwar Malam a taƙaice. Da ta ji abin da ya kawo mu ta ce rijiyar ta rufta ta gefe, akwai macizai, wanda ya shiga bara da ƙyar aka fito da shi. Amadu ya ce shi dai a nuna masa. Ta ce ƙafarta na ciwo. Malam ya ce ai kowa ya san tsohuwar rijiya, suka ɗauki igiya suka fita.

Muka rage mu biyu. Ta ci gaba da tsinkar yakuwarta. Na ce Yaya in Amadu ya ƙi shiga ni zan shiga. Ta ce ki shiga ki ɗauko me, ke da kika ƙona naki? Ai yarinyar da bakinta ta gaya mini ɗaya ba ya aiki. Ko so kike ki haɗa da shi a murhu?

Na kwance bakin buhu na tura hannu na ajiye shi a kan faifanta, kan yakuwar.

Ta dube shi. Ta goge gyaɗar da ta manne masa da babban yatsa.

"Ashe ba ki ƙona ba."

"Ban ƙona ba."

"Don ubanki, Saude." Ubanmu ɗaya, amma haka ta ce. "Tashi ki kira mutanen nan kafin bawan Allah ya shiga ramin banza."

Na fita da gudu ba takalmi. Na tarar Amadu ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙafarsa ɗaya a ciki.

Da na dawo ta rufe ƙofar ɗaki ta ce in juya in dubi bango. Ni ƙanwarta, da furfurata, na juya na dubi bango. Na ji tana jan gado, na ji ƙarar murfin tukunya, na ji tana nishi. Ta ce juyo. Ga shi a hannunta cikin ƙyalle fari, har da kulli uku.

Na ce Yaya me ya sa? Kwana goma sha shida.

Ta ce ni za ki tambaya? Ke kika fara. Kin kira ni kin ce kin ƙona na ƴar da kika haifa. In ce miki nawa na nan, ki turo mini Rabilu da ashana? Ta ce shekara talatin mata na kawo mata ajiya, miji ya zo, uwar miji ta zo, har maigari ya taɓa aikowa, ba ta taɓa cewa akwai ba. Mai ajiya ba ta cewa akwai. Wanda ya ba ta shi kaɗai take sani.

Na ce ran Lahadi ai na ce miki ana nema. Ta ce kin ce ana nema, ba ki ce ita ke nema ba.

Na miƙa hannu in karɓa. Ta janye.

Ta ce Mas'uda ta ba ni da hannunta, a hannunta zan sa shi. Malam daga waje ya ce Yaya ai tana tsare, a ba Mushe ya shigar. Ta ce ban san wani Mushe ba. Gobe ku ɗora ni a amalanke.

Nan za mu kwana. Na kasa cin tuwonta, ta ce in ban ci ba za ta ɗura mini kamar da.

Talata, 22, bayan magariba

Na gan ta.

Bari in fara daga farko, in ba haka ba zan rikice.

Mushe na jiranmu a bakin ƙofar wurin tun ƙarfe takwas. Da ya ga akwati biyu sai da ya jingina da bango. Ya karɓi nawa. Ya miƙa wa Yaya hannu, ta dube shi sama da ƙasa ta ce kai ne wa? Aka shigar da mu biro, wato ofis. Babbansu na zaune bayan tebur, ba zan faɗi kamanninsa ba. Ya ce a ajiye kayan a nan, mu fita. Yaya ta ce sai mai shi ta zo. Ya ce tsohuwa, nan ba gidan suna ba ne. Ta ce ta sani, gidan suna ana ba mutum wurin zama. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, akwati a cinya, ta rufe shi da mayafi.

Ni kam na gama mutuwa a tsaye. Na ce yau da mu duka za a kwana. Ɗayansu ya matso zai karɓa, babban ya ɗaga masa hannu. Ya yi ta rubutunsa kamar ba mu nan. Mun fi awa ɗaya. Ƙafar Yaya ta kumbura ina gani, ba ta motsa ba.

Sai ya ajiye bik ya ce a kawo ta.

Hijabin ran nan ne a jikinta. Ya yi mata yawa yanzu. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Ta ce Inna. Na ce na'am. Ba a yarda mu matsa kusa ba.

Yaya ta miƙa hannu aka tashe ta. Ta taka har gabanta ta ce, "Ga ajiyarki. Kwance ki duba ko an taɓa." Mas'uda ta kwance kulli ukun, ta ce ba a taɓa ba Inna Daso. Yaya ta ce to na fita, ta koma ta zauna.

Aka kawo ordinatir ɗinta, aka jona wayoyi. Na Yaya ya kama nan take, koriyar fitila. Nawa shiru. Ta cire ta sake sawa. Shiru. Babban ya dubi agogo. Ta juya shi ta leƙa ramin wayar, ta ce Inna a ina kika ajiye shi? Na ce randar wake. Ta sa baki ta hura da ƙarfi, toka ta tashi ta bazu kan takardun mutumin, har kan hannun rigarsa. Ba wanda ya yi motsi. Ta sake hurawa, ta goge da bakin hijabi, ta jona.

Ya kama.

Sai jira. Ta ce sai sun gama hira da juna, sun daɗe ba su haɗu ba. Wani layi na tafiya a gilashin kaɗan kaɗan kamar tururuwa. Da ya kai ƙarshe ta danna wasu lambobi, ta juya musu ordinatir ɗin. Kati. Sunan yaro, sunan uwa, kilo nawa, allurar ƙyanda ran kaza. Ta danna, wani katin. Wani. Babban ya ja kujera ya karɓa yana dannawa da kansa. Ya yi ta dannawa har aka kira azahar. Ya ce su nawa ne? Ta ce dubu biyu da ɗari ɗaya da wani abu.

Ya kakkaɓe hannun rigarsa. Ya ce mu je, za a neme mu. Aka mayar da ita ciki.

Aka mayar da ita ciki.

Laraba, 23, azahar

Ba a neme mu ba. Gobe Alhamis.

Kwano ya dawo wanke. Ban san me wannan ke nufi ba.

Alhamis, 24, hantsi

Malam ya tafi tun asuba. Na share tsakar gida sau uku. Yaya na nan, ta ƙi komawa Kwaya, tana ta yi mini faɗa a kan yadda nake jera itace.

Alhamis, la'asar

Moto ne ya tsaya, ba mota ba. Su biyu a baya, Malam da Mas'uda.

Tana barci yanzu a ɗakina. Ina zaune bakin ƙofa. Akwatunan da ordinatir suna can, an ce sai an gama rufe takardu. Su riƙe.

Juma'a, 25, bayan azahar

Da safe ta sha kunu kofi biyu. Tana zaune a tabarma ta tambaye ni a hankali, ba da faɗa ba. Ta ce Inna tun kwana na uku na ce a kawo biyu, Mushe ya ce ya kira ki ran bakwai ga wata. Me ya tsayar da ku?

Yaya ta dubi gefe. Malam ya tashi wai zai duba jaki.

Na buɗe baki, irin na ran nan a bayan zana. Sai na shiga ɗaki na ɗauko salular nan na buɗe mata daga ranar farko na sa mata a hannu.

Ta karanta duka. Ta daɗe, ni da nake rubutu kamar tafiyar hawainiya ban san ya yi yawa haka ba. Wani wurin ta koma baya ta sake. A wurin rediyo ta ɗan yi murmushi. A wurin kiran Mushe ba ta yi ba.

Da ta gama ta kife ta a cinya. Ta ce a takardar karatunta ta lissafa duk abin da zai iya kashe akwati, ruwa, gobara, ɓera, ɓarawo, tsawa. Shi ya sa ta raba su gari uku, don ruwan da ya ci Bande ba zai ci Kwaya rana ɗaya ba.

"Ban lissafa cewa duka ukun dangina na ba wa ba," ta ce. "Rana ɗaya kuka ji tsoro."

Na ce ki yafe mini kwanakin nan.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta miƙo mini salular, ta zame ta ɗora kanta a ƙafata, ta ce in tsefe mata kai, sati uku ba a taɓa shi ba.

Na aika a sayo man kitso. Kafin a kawo nake wannan rubutun da hannu ɗaya.